Yadda ake shirya E. coli ta gano nikel a ruwa kuma ta tsotse shi

Bakteriyar E. coli ta zo da kayan aikinta na nikel tun asali, aikin mai gwaji shi ne sake musu tsari. Tana da ƙofar shigar da nikel mai suna NikABCDE, da famfon fitar da shi mai suna RcnA, da furotin RcnR da ke zaune a kan makunnin rcnA (yankin DNA da ke kunna ƙwayar gadon da ke samar da famfon) ya hana shi aiki. Da zarar nikel ya shiga ya kama RcnR, sai RcnR ya saki DNA, makunnin ya buɗe. Wannan sakin shi ake mayarwa ma'auni.

A fara da irin da aka cire wa ƙwayar gadon rcnA. Tarin Keio na Japan, wato jerin E. coli da aka cire wa kowanne ƙwayar gado ɗaya, yana da shi a cikin irin BW25113, amma yana ɗauke da kariya daga maganin kashe bakteriya na kanamisin. Idan ana son amfani da wannan maganin daga baya, sai a cire ta da zoben DNA na pCP20: a rena a digiri 30, sannan a ɗaga zuwa 42 don zoben ya ɓace. Dalilin cire rcnA shi ne muddin famfon na nan, duk nikel ɗin da ya shigo waje zai koma, kamar ɗiban ruwa da kwando.

Zoben ganowa kashi uku ne: rcnR, sai tazarar da ke tsakaninsa da rcnA inda makunnin yake, sai sfGFP, furotin mai ƙyallin kore, a gurbin rcnA. A kwafo rcnR da tazarar a dunƙule ta hanyar PCR, dabarar ninka DNA, domin a jikin bakteriyar rcnR da rcnA baya suka ba juna, makunnansu kuma a wuri guda suke. A liƙa guntayen DNA ɗin da hanyar Gibson, awa ɗaya a digiri 50. Zoben da za a ɗora su ya zama mai ƙarancin kwafi, irin pSC101 mai kusan kwafi biyar a ƙwayar bakteriya ɗaya, ko p15A. Wanda ya ɗora makunnin shi kaɗai a kan pUC mai ɗaruruwan kwafi zai ga bakteriyarsa tana ƙyalli ko babu nikel, saboda ɗan RcnR da take yi bai isa ya rufe makunnan duka ba. A shigar da zoben da ɗumin digiri 42 na daƙiƙa 45, a shuka a faranti mai maganin kuloramfenikol µg 25 a kowace mL idan kariyarsa zoben ke ɗauke da ita, a tabbatar da jerin DNA kafin a ci gaba.

Yawancin gwaje-gwajen da ke lalacewa, daga ruwan reno matsalar take fitowa. Ruwan reno na LB cike yake da amino asid, musamman histidin, waɗanda ke riƙe nikel su hana shi shiga, har ka zuba mai yawa ma'aunin bai motsa ba. A yi amfani da ruwan reno na M9 mai gulukos kashi 0.4 cikin ɗari, ko ruwan MOPS idan ana gudun yawan fosfet, wanda kan haɗu da nikel ya kwanta a ƙasa. Sai dai a irin wannan ruwan nikel ya fi dafi: 'yan µM (maikromola, ma'aunin yawan sinadari a lita) kaɗan sun isa su rage girma, don yana toshe enzayim ɗin FbaA da ke cikin hanyar sarrafa gulukos. Kwalabe ma abin lura ne. A jiƙa su kwana guda a ruwan nitirik asid mai rauni, a ɗauraye da tataccen ruwa, kuma kada cokalin ƙarfe mara tsatsa ya taɓa komai, shi kansa akwai nikel a jikinsa.

Don auna martani, a narka giram 2.38 na NiCl2·6H2O a mL 100, ya ba da mM 100, a tace, a sirka zuwa mM 1. A rena bakteriya dare guda, a sirka kashi ɗaya cikin ɗari, a jira OD600, ma'aunin kaurin bakteriya a ruwan, ya kai wajen 0.2. A faranti mai ramuka 96, kowane rami µL 200, a jera 0, 0.1, 0.3, 1, 3, 10 da 30 µM, kowanne sau uku. A karanta ƙyalli ta haskawa da nm 485 a auna abin da ya fito a nm 510, duk minti 15, tsawon awa huɗu a digiri 37, a raba da OD600. In ba a raba ba, za a ga ƙyalli ya faɗi a 30 µM a ɗauka na'ura ce ta samu matsala, alhali bakteriyar ce ta daina girma. Inda ido ya kamata ya tsaya shi ne tsakanin 0.3 da 3, domin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha µg 70 ne a lita, kusan µM 1.2 ke nan.

RcnR ba ya bambanta nikel da kobal, dukansu suna buɗe shi. Don haka a jera layin CoCl2 a gefe, kuma duk ruwan da ya nuna ƙyalli a tabbatar da shi da na'urar auna ƙarafa ta AAS ko ICP-MS. Ruwan masana'anta kuwa a raba shi biyu, a ƙara wa rabi sanannen adadin nikel. Idan ƙyalli bai ƙaru yadda ya dace ba, akwai abin da ke riƙe nikel ko yake kashe ƙwayoyin a ciki.

Tsotsewa na buƙatar faɗaɗa ƙofa da tanadin rumbu. NikABCDE ba ta da amfani sosai a nan, sai babu iskar oksijin take buɗewa, kuma furotin NikR na rufe ta da zarar nikel ya wadata. Shi ya sa ake aro NixA, furotin guda ɗaya mai shigar da nikel, daga bakteriyar Helicobacter pylori. A sa shi ƙarƙashin makunni mai sauƙin ƙarfi, don furotin na fatar ƙwaya idan ya yi yawa yakan kashe ta. Rumbun kuma metalotayonin ne, furotin mai yawan amino asid ɗin sistin da ke ƙanƙame ƙarfe. Shi kaɗai saurin lalacewa yake a cikin E. coli, akan liƙa shi da wani furotin mai suna GST ya daɗe.

A tara ƙwayoyin da injin juyi, 5,000 × g na minti 10, a wanke, a zuba su a ruwa mai µM 10 da ɗan gulukos, tunda shigar da nikel na cin kuzari. Bayan awa ɗaya a sake tara su, a wanke rabi da EDTA, sinadari mai kama ƙarfe, mM 1. Abin da EDTA ya kwashe a fata ya manne, abin da ya rage shi ne ya shiga ciki da gaske. A narka da nitirik asid, a auna, a lissafa a kan nauyin busassun ƙwayoyi, a kwatanta da irin da ba a ƙara wa NixA ba.

Lita ɗaya mai µM 10 nikel ɗinta mg 0.59 ne kacal, ruwan masu shafa wa ƙarfe nikel kuwa giram-giram yake ɗauke da shi. Irin wannan sai an fara kwantar da nikel da alkali a pH kusan 10, a cire abin da ya kwanta, a dawo da pH wajen 7, sannan bakteriya ta share ragowar. A kulle ta cikin ƙwallayen aljinet (wani abu mai danƙo) kashi 2 cikin ɗari da aka ɗiga a CaCl2 mM 100, a tace ruwan da ya fito da matacin µm 0.22. A Najeriya aikin halittun da aka sauya wa gado yana ƙarƙashin hukumar kula da tsaron halittu ta ƙasa (NBMA) ne tun dokar 2015, a nemi izini kafin a fara. Ƙwallayen da suka gama aiki a dafa su a otokilaf, tukunyar tururi mai matsi, digiri 121 na minti 20, amma zafi bakteriya kawai yake kashewa, nikel na nan daram, don haka ragowar a haɗa ta da sharar ƙarafa masu guba, a sa safar hannu wajen kwashewa.