Kafin ka kafa masana'anta a Jenin, san ƙofar da kayanka za su bi

Duk ɗan kasuwar Turkiyya da ya nemi shawarata a kan zuba jari a Falasɗinu, tambaya ɗaya nake fara yi masa: ta wace ƙofa kayanka za su shiga, ta wace za su fita, kuma mabuɗin yana hannun wa? Wanda ya amsa wannan da kyau, sauran lissafinsa zai zauna. Ina son in ga masana'antu sun tsaya da ƙafarsu a Falasɗinu, shi ya sa ba na sassauta wa kowa a kan wannan tambaya.

Fara da sanin abin da ya sami waɗanda suka riga ka. A 2005 ƙungiyar cibiyoyin kasuwanci ta Turkiyya, TOBB, ƙarƙashin Rifat Hisarcıklıoğlu, ta haɗa 'yan kasuwar Turkiyya da na Falasɗinu da na Isra'ila a zaman da aka kira Dandalin Ankara. Burinsu na farko shi ne farfaɗo da yankin masana'antu na Erez a arewacin Zirin Gaza, har aka sa hannu a farkon 2006. Siyasa ta juya, Hamas ta karɓi Gaza a 2007, aka rufe zirin, aikin ya mutu a takarda. Aka koma maganar Tarqumiya kusa da Hebron a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, lokacin da shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas da shugaban Isra'ila na lokacin Shimon Peres suka je Ankara a Nuwamban 2007. Daga nan kuma aka karkata zuwa Jenin a arewacin Gaɓar Yamma, inda TOBB-BIS, kamfanin ƙungiyar, ya karɓi izinin raya yankin masana'antu a 2010, Jamus ta ɗauki nauyin wani ɓangare na hanyoyi da ruwa da wuta ta bankinta na KfW. Kuɗi da ƙwarewa duk akwai su, don Turkiyya ta daɗe da gogewa wajen gina yankunan masana'antu. Abin da ya riƙa ja da aikin baya shi ne fili da izini da mashiga.

To, sai ka karanta Yarjejeniyar Paris ta 1994 da idonka, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka. Ita ce ta sa Falasɗinu da Isra'ila cikin da'irar kwastam guda. Falasɗinawa ba su da tashar jirgin ruwa ta kasuwanci, ba su da filin jirgin sama mai aiki. Kwantenarka da ta taso daga Mersin ko Istanbul za ta sauka ne a tashar Ashdod ko Haifa da ke Isra'ila, jami'an Isra'ila ne za su duba ta, su karɓi harajin shigowa, su cire ladansu na kashi 3 cikin ɗari kamar yadda yarjejeniyar ta tsara, sannan su tura sauran ga hukumar Falasɗinu. A nan akwai abin da nake roƙon kowa da shi: ka tabbata sunan kamfanin Falasɗinu ne a takardar shigo da kayan. In kayan suka shiga da sunan wani ɗan kasuwar Isra'ila sannan ya sayar wa abokinka a Nablus, kuɗin fiton ba ya isa baitulmalin hukumar Falasɗinu a Ramallah, alhali da irin wannan kuɗi ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti.

Tun watan Mayun 2024, da Turkiyya ta dakatar da ciniki da Isra'ila gaba ɗaya, wannan shawara ta zama dole. Kayan da za su je Falasɗinu suna buƙatar amincewar Ma'aikatar Tattalin Arziki ta Falasɗinu, wadda za ta tabbatar cewa mai shigo da kayan nata ne kuma can kayan za su tsaya. Kada ka loda komai sai wannan takarda ta fito. Ka haɗa da takardar shaidar asalin kaya, don yarjejeniyar ciniki marar haraji da Turkiyya da Falasɗinu suka sa wa hannu a 2004, ta fara aiki a 2005, ba ta amfanar kayan da ba a tabbatar da inda aka ƙera su ba.

Sai jerin kayan da Isra'ila ke cewa ana iya amfani da su ta fuska biyu, a sana'a ko a yaƙi. Wasu sinadarai da takin zamani da injinan sarrafa ƙarfe da kayan sadarwa suna ciki. Ka ɗauki sunan kowane inji da kowane sinadarin da masana'antarka ke buƙata, ka ba wakilin da ke fitar da kaya daga kwastam ya duba maka tun kafin ka biya kuɗin injin. Kwantenar da aka riƙe a tasha kullum kuɗin ajiya take ci.

Yanzu mashigar kanta. Tsakanin Gaɓar Yamma da Isra'ila, a Jalameh kusa da Jenin ko Tarqumiya ko Beitunia, yawanci babbar mota ba ta wucewa da kayanta. Ana sauke su, a duba, a sake loda su a wata motar ta ɗaya ɓangaren. Haka abin yake a gadar Karama, mashigar da ke tsakanin Gaɓar Yamma da Jordan, in ta can za ka bi. Kowane saukewa yana nufin kuɗin lebura da ɓata lokaci da fashewar kaya, ga ranakun hutu da rufewar da ba sanarwa. Saboda haka zaɓi abin da za ka ƙera da wannan a ranka. Tufafi da kayan roba da kayan ɗaki da abincin gwangwani suna jure jira a rana, madara da ɗanyen kayan lambu ba sa jurewa. Ka kuma tanadi sito mai ɗaukar ɗanyen kaya na makonni, ko da ya ƙara maka kuɗi. Jenin ta ga babban samamen soja tun Janairun 2025, kuma wanda ba shi da ajiya shi ne ya fara sallamar ma'aikata a irin wannan lokaci.

Maganar fili gajeriya ce. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 ta kasa Gaɓar Yamma uku, A da B da C, kuma yankin C, wanda ya kai wajen kashi 60 cikin ɗari, izinin gini a cikinsa yana hannun Isra'ila. Ka sa lauya ɗan ƙasa ya tabbatar maka a wane yanki filin yake, da hanyar da ke kai wa gare shi, da inda wutarsa ke fitowa.

Kada ka shiga kai kaɗai. Hebron tana da tsofaffin iyalai masu aikin dutse da marmara da takalma, Nablus tana da masu sabulu da kayan zaƙi, Jericho tana da dabinon majhul da Turkiyya ta ware wa kason shiga ba haraji. Waɗannan mutane sun san wace mashiga ce ke buɗe da wace safiya, sun san direban da ke da izini. Ni a ganina jarin da ya fi albarka shi ne wanda ya kawo inji da kasuwa, ya bar Bafalasɗine da hannun jari na gaske da kujera a wurin yanke shawara. Wanda ya zo neman arhar lebura kawai, ya cika shagunan Hebron da kayan da ke kashe masu ƙera nasu, bai taimaki kowa ba.

A ƙarshe kuɗi. Shekel na Isra'ila da dinarin Jordan da dalar Amurka duk suna yawo a kasuwa, don haka kwangilarka ta faɗi a fili da wanne za a biya. Bankunan Falasɗinu sun dogara da bankunan Isra'ila wajen hada-hadar shekel, kuma wannan alaƙa takan shiga barazana, sai ka nemi a buɗe maka takardar lamuni ta banki da dala. Hukumar MIGA ta Bankin Duniya tana da asusu na musamman da ke ba masu zuba jari a Gaɓar Yamma da Gaza inshora a kan haɗarin siyasa, ka neme ta tun kana tsara aikin. Kayan da aka ƙera a can sun sami damar shiga Amurka ba haraji a 1996, kayan masana'antu kuma suna shiga Tarayyar Turai haka tun 1997, amma kafin ka yi wa mai saye alkawarin rana, aika kwantena ɗaya ta gwaji ka rubuta kwanakin da ta yi a kowace ƙofa, ka gina farashinka a kan wannan lissafi.