Yadda Za Ki Zaɓi Turaren Taurari, Ki Kuma Sa Ya Zauna a Jikinki

Bara na yi wa wata amarya gyara a wani ƙauye da ke kan hanyar Wudil zuwa Gaya. Da aka buɗe lefenta, cikin kayan shafa sai ga wata kwalba kewayayya, ruwan hoda mai duhu, an yi mata ɗigo-ɗigon duwatsu koraye. 'Yan mata suka yi caa a kanta, wannan ta karɓa wannan ta shinshina, ana ta cewa ai Fantasy ne, turaren mawaƙiyar Amurka Britney Spears. Da ta tare, sai ta ɗora shi a gaban madubi kusa da taga don 'yan ganin ɗaki su gani. Bayan wata huɗu na koma gidan, ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Anti, ji yadda ya koma." Ruwan ya yi duhu, ƙamshin nan mai zaƙi ya juya ya yi tsami-tsami. Raina ya ɓaci, domin na san kuɗin da mijin ya kashe, kuma abin da zai hana hakan bai fi magana biyu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ki fara da sanin abin da za ki saya

Ita tauraruwar da sunanta ke jikin kwalba ba ita ke haɗa turaren ba. Kamfani ne ke da masu haɗawa, ita kuma ta faɗi irin ƙamshin da take so, ta zaɓa, ta ba da sunanta. Fantasy kamfanin Elizabeth Arden ne ya fito da shi a 2005, shekara ɗaya bayan Curious, wanda shi ma na Britney Spears ne. Kafin su akwai Glow na Jennifer Lopez a 2002, kafin shi kuma White Diamonds na Elizabeth Taylor tun 1991, wanda har yau ake sayarwa. Na baya-bayan nan da 'yan mata ke yawan tambaya shi ne Cloud na Ariana Grande, ya fito a 2018, kwalbarsa a zaune cikin wani farin abu mai siffar gajimare.

Ƙamshinsu kuwa ya sha bamban. Fantasy zaƙi ne zalla: da farko ki ji 'ya'yan itace, daga baya ya koma kamar kin shiga ɗakin da ake gasa kek, da farin cakulan da miski a ƙarƙashi. Cloud yana da kwakwa da banila, mai laushi, kamar madara. Glow ƙamshin tsabta ne, irin na wadda ta fito daga wanka da sabulu mai kyau. White Diamonds na manyan mata ne, furanni masu ƙarfi da sandal, yana shiga ɗaki kafin mai shi. A ganina, cikin huɗun nan Cloud da Fantasy ne suka fi jituwa da humrarmu, saboda zaƙi da miski sun riga sun zama 'yan gida a wurinmu. Amma ganina ne kawai, hancinki ne zai yanke hukunci.

Sai ki duba rubutun da ke ƙasan kwali. In an rubuta Eau de Parfum, madarar turaren da ke ciki ta kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100. In Eau de Toilette ne, tana tsakanin 5 zuwa 15. Waɗancan dogayen robobin feshin jiki masu araha kuma madararsu kaɗan ce ƙwarai, kafin ki gama ɗaura ɗankwali sun fara tashi. Da zafin da muke sha a bazara, gara ki haƙura ki tara kuɗin ƙaramar kwalbar mai ƙarfi da ki ɗauki babba mai ruwa-ruwa.

Gwaji: a nan ake yin asara

Mafi yawanmu muna shinshina murfi ne mu biya kuɗi. Murfi ba ya gaya miki komai. Turaren feshi hawa uku ne. Na sama shi ne wanda ke bugun hanci da zarar an fesa, kuma cikin minti 15 zuwa 30 ya tafi. Na tsakiya yana ɗaukar 'yan sa'o'i. Na ƙasa, wato miski da sandal da banila da makamantansu, shi ne zai kwana a mayafinki, shi ne kuma maigida zai san ki da shi. Wadda ta saya a kan hawan farko ta sayi ƙamshin rabin sa'a ne.

Ga yadda nake yi in na shiga Kano. Ranar ba na shafa humra, ba na turara kayan da zan sa. In na isa shagon, sai in roƙi mai shago ya fesa mini sau ɗaya a bayan hannu na dama, wani daban a na hagu. Ba na wuce biyu, in ya yi yawa uku, domin hanci yana gajiya ya daina rarrabewa. Daga nan sai in ce masa, "Malam, bari in je in dawo," in tafi Kantin Kwari in gama sayen atamfa, in sha rana, in yi gumi. Bayan sa'a biyu sai in ɗaga hannu in ji. Wanda ya rage da daɗi bayan gumin kasuwa shi ne nawa. Akwai turaren da ya yi mini daɗi a jikin ƙanwata, na gwada a nawa ya koma kamar ƙamshin magani. Fata da fata ba ɗaya ba ce, don haka kada ki aika a sayo miki saboda kin ji shi a jikin wata a gidan biki.

In ba ki da halin zuwa birni, sai aike, to ki ce a fara sayo miki madararsa, irin wadda ake ɗurawa a ƙananan kwalabe na mil 3 ko 6. Masu tebur a kasuwar Wudil ranar Juma'a da ta Maigatari ranar Alhamis ba sa rasa irin waɗannan. Ki sani dai kwaikwayo ne, ba na kamfanin ba, kuma mai gaskiya zai faɗa miki haka. Ba laifi ba ne a saye shi da sunan kwaikwayo a kuɗin kwaikwayo. Zai nuna miki ko kina son irin ƙamshin kafin ki zuba kuɗi mai yawa. Ga waɗanda kuma ba sa son turare mai sinadarin barasa, tunda malamai sun yi saɓani a kansa, madarar ta wadatar.

Rarrabe jabu da gangariya

An taɓa cuta ta a wani shago, kwalba mai kyau, kwali mai kyau, na dawo gida na fesa, kafin la'asar babu ko alama, sai ƙaiƙayi a wuya. Tun daga nan nake duba abu huɗu.

Lamba ita ce ta farko. A gindin kwalba akwai wasu 'yan lambobi da haruffa da kamfani ke bugawa, kuma irinsu ne a ƙasan kwali. In ba su zo ɗaya ba, ko babu su gaba ɗaya, ki ajiye. Sai ledar da aka naɗe kwalin: ta kamfani a ɗame take, linkinta a miƙe, ba a cukurkuɗe da gam ba. Sai rubutu, ki duba da kyau ko an sauya harafi ɗaya a sunan, domin masu jabu sun ƙware a wannan. In ba kya karanta boko sosai, ki ba yaron gida ya gwada da hoton na asali a waya. Na ƙarshe kuɗi. In aka faɗa miki farashin da ya yi ƙasa da rabin na sauran shaguna, araha ba ta ado, ki wuce.

Yadda za ki sa shi ya zauna

Wannan ne ɓangaren da na fi so, domin a nan ne abin da muka gada daga iyayenmu ke yin aiki. An haɗa waɗannan turaruka ne a Amurka da Turai, inda ake sanyi. A nan kuwa zafi na kwashe su da wuri, da hunturu kuma busasshiyar fata ba ta riƙe su. Sai an yi musu shimfiɗa.

Da dare ki ɗauki kayan da za ki sa gobe, ki zuba garwashi kaɗan a kasko, ki ɗora turaren wuta, ki kifa kabbasa, ki shimfiɗa kayan a kai. Ki zaɓi turaren wuta mai sanyi, na sandal ko kajiji, ba mai yawan haɗi ba, don kada ya danne na feshin. Minti goma ya isa. Ki linke su ki sa a leda ko akwati su kwana.

Da safe bayan wanka, tun jiki da ɗan danshi, ki shafa mai marar ƙamshi a wuraren da za ki fesa. Basilin fari ya fi, domin man kaɗanya yana da nasa warin da ke iya sauya turaren, sai dai in tacacce ne sosai. Maiƙo ne ke riƙe ƙamshi, shi ya sa humra da madara suke daɗewa fiye da feshi. In kina da farar humra, ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki goga a ƙirji da damatsa, ki bari ta bushe. Baƙar humra mai farce da yawa ta fi ƙarfin Cloud, za ta haɗiye shi. Ita sai dai da irin su White Diamonds.

Yanzu ki fesa. Ki riƙe kwalbar nesa da jiki kamar taƙi ɗaya. Sau ɗaya a gefen wuya, sau ɗaya a cikin gwiwar hannu kowane ɓangare. Uku kenan, ya isa. Waɗannan wurare suna da ɗumi, suna tura ƙamshin a hankali. Kada ki murza. Na san hannu ya saba, amma murzawa na ƙara zafi, hawan farko ya tashi da gaggawa. Ki bar shi ya sha iska da kansa sannan ki sa riga. In kina so ya kwana biyu, ki fesa sau ɗaya a cikin ɗankwali ko gefen zane ta ciki, domin tufafi sun fi fata riƙo. Farar shadda da farin leshi kam ki kiyaye, musamman da madara, tana barin tabon mai.

Bayan sa'a ɗaya za ki ga kamar ya tafi. Sau da yawa bai tafi ba, hancinki ne ya saba da shi. Kafin ki ƙara, ki kira wata a gidan ki ce, "Yaya, kina jin turarena?" Na sha ganin mace ta yi ta ƙarawa har ta hana abokan zama numfashi, ita kuwa ba ta ji.

Abubuwa uku da nake roƙon ki da su. Kada ki fesa kusa da kasko ko murhu ko fitila, turaren feshi yana kama wuta. Kada ki fesa a fatar da aka yi wa halawa ko dilka a ranar, ko a matuncinki, zai ƙona ki. In kuma kina shayarwa, ki bar ƙirji, ki fesa a bayan wuya, saboda jariri.

Sannan maganar fita. Dukkanmu mun ji a islamiyya hadisin Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya ƙara musu yarda, da ke cikin Sahihu Muslim, cewa wadda za ta halarci masallaci kada ta taɓa turare. Irin wannan haɗin da na bayyana na cikin gida ne, na ɗakinki da maigidanki da zaman mata. In za ki hau mota zuwa kasuwa ko asibiti, tsabta da wankakkun kaya sun isa. Hakan ma yana sa kwalbar ta daɗe miki.

Ajiya

Abokan gaban turare uku ne: rana, zafi da iska. Ɗakin langa-langa da tsakar rana a watan Afrilu kowa ya san yadda yake, ga taga kuma na zubo haske kai tsaye. Abin da ya kashe kwalbar amaryar can kenan. Kada ki yar da kwalin, ki riƙa mayar da kwalbar ciki, ki rufe murfi sosai bayan kowane feshi. Ki sa ta a ƙasan akwati tsakanin zannuwa, akwatin kuma a ƙasa, ba a saman sif kusa da rufi ba. In ɗakinki na ƙasa ne mai azara, kin huta, ya fi kowane ɗaki sanyi. Ni tawa a cikin wata tsohuwar samira take, a lungun da randa take, inda ƙasar wurin ba ta rabuwa da sanyi.

In kina son ado a gaban madubi, ki jira ta ƙare ki jera kwalbar. Kuma kafin ki jera, ki cire murfin ki jefa shi cikin akwatin mayafanki, zai yi makonni yana ba su ƙamshi.

Kada ki ɓoye turare shekara da shekaru kina jiran babban biki. Da zarar an fara fesawa iska ta shiga, kuma yana raguwa da ƙarfi a hankali, musamman in ya kai rabi. Amaryar nan da mijinta ya sake sayo mata wata, ƙaramar ta ce ya ɗauko, mai mil 30. Na je sunan ɗanta watan jiya, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa uku, ta fito da ita cikin kwalinta. Saura kaɗan ta ƙare, ruwan kuma garau kamar ranar da aka kawo.