Yadda Ake Canja Giya da Kunnuwan Bayan Sitiyari

Mutane da yawa suna sayen mota mai giya otomatik, su shekara suna tuƙa ta ba su taɓa 'yan ƙarafan nan biyu masu kama da kunnuwa da ke liƙe a bayan sitiyari ba. Na dama yana ɗauke da alamar + don ƙara giya, na hagu kuma da alamar − don rage ta, kuma amfaninsu shi ne su mayar wa direba wani ɓangare na ikon da giya otomatik ta karɓe daga hannunsa tun lokacin da kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fito da Hydra-Matic a 1939.

Daga filin tsere aka samo wannan dabara. A 1989 injiniya John Barnard ya saka ta a motar Ferrari 640 domin direba ya canja giya hannuwansa biyu suna kan sitiyari, kuma direban tsere Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. Sai a 1997 ta shigo motar titi, a Ferrari F355 F1.

Kafin komai, direba ya gane bambancin D da M da ke jikin sandar giya: D ita ce otomatik, M kuma canja giya da hannu. Idan sandar giya tana kan D aka ja kunne, motar za ta bi umarnin na ɗan lokaci, sa'annan ta koma canja giya da kanta. Idan kuwa aka tura sandar zuwa M, ko S a wasu motocin, to ragamar ta dawo hannun direba har sai ya mayar. Babu kuloci da za a taka, kuma ba a buƙatar ɗaga ƙafa daga totur. Ja ɗaya da yatsa giya ɗaya ne. Mai koyo ya fara gwadawa a hanyar da ba cunkoso, idonsa na duba agogon juyin inji, ya ƙara giya tun kafin allurar ta kusanci jan layi.

A ganina, gangara ce wurin da kunnuwan nan suka fi biyan kuɗinsu. Wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo daga Jos ya san ƙaurin birkin da ya yi zafi, domin direban da ya ɗora ƙafa a kan birki daga sama har ƙasa yana gasa shi ne, kuma birki mai zafi ba ya kamawa yadda ya kamata. Abin da ya dace shi ne a rage gudu tun a bakin gangarar, a ja kunnen hagu sau ɗaya ko biyu har a ji injin ya ɗaga murya yana riƙe motar, sa'annan a riƙa taɓa birki jefi-jefi. Ƙarar da injin ke yi a nan ba alamar lalacewa ba ce.

Haka nan wajen wuce tirela a hanyar da masu zuwa da masu dawowa ke bi tare, a rage giya tun ana bayanta, ta yadda ƙarfin zai kasance a shirye da zarar hanya ta buɗe, maimakon a fita tukuna a tsaya jiran giyabos ya yi shawara.

Idan aka ja kunnen hagu motar ta ƙi, ko ta yi ƙara, kwamfutarta ce ta hana saboda gudun ya fi ƙarfin giyar da aka nema, sai a rage gudu a sake ja. Yana da kyau kuma a canja giya kafin shiga kwanar hanya, musamman a motocin da kunnuwansu ke juyawa tare da sitiyari, inda hagu da dama kan rikice wa mutum. Masu motocin lantarki irin na Hyundai da Kia su lura cewa nasu kunnuwan galibi ba giya suke canjawa ba, suna daidaita ƙarfin da motar ke rage gudu da shi ne tana mayar da caji cikin batir. Domin komawa otomatik, a yawancin motoci ana riƙe kunnen dama na daƙiƙa biyu ko uku, ko a mayar da sandar kan D.