Idan Maƙwabcinka Basine Ya Yi Rashi: Shawara ga Sababbin Zuwa Malesiya

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zuwa Malesiya karatu ne ke kawo su, a jami'o'i irin su UPM da ke Serdang, da UTM da ke Skudai a jihar Johor, da USM da ke tsibirin Penang, kuma kusan kowa yakan taho da tunanin cewa ƙasar Musulmi zai sauka. Hakan gaskiya ne, sai dai ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na 'yan ƙasar Sinawa ne, kuma mabiya addinin Budda sun kai kashi 18.7 na al'umma. Wanda ya kama haya a garuruwa da unguwanni irin su Seri Kembangan, ko Cheras, ko George Town, da wuya mai gidansa, ko maƙwabcinsa, ko malamin da ke duba bincikensa ya kasa zama Basine. Mutuwa kuwa ba ta sallama, saboda haka gara mutum ya san yadda zai yi tun kafin ta faɗo a gidan da ke jikin nasa.

Alama ta farko ita ce rumfa. Za ka wayi gari ka tarar an kafa ta a ƙofar gida, wani lokaci har ta ci rabin titi, an jera tebura da kujerun roba, an ajiye akwatin gawa a ciki, a gabansa kuma ga babban hoton mamacin da furanni da kyandirori da kaskon turaren tsinke. Mu da muka saba a sallaci gawa a kai ta makwancinta cikin 'yan sa'o'i, wannan yakan yi mana nauyi, domin su sukan ajiye gawar kwana 3, ko 5, ko 7, gwargwadon shekarun mamacin da ƙarfin iyalinsa da kuma nisan 'ya'yan da ake jira su iso daga ƙasashen waje. Wasu iyalan, musamman mazauna gidajen bene, sukan kama ɗaki a gidajen da aka tanada don zaman makoki. Cikin waɗannan darare za ka ji karatun limaman Budda da sautin ƙararrawa da ɗan gangan katako, ko kuma kuge da algaita idan limaman Tao, wani tsohon addinin Sinawa, aka gayyato. Za ka kuma ga mutane na ɓare gyaɗa suna buga karta har tsakar dare. Kada ka ɗauki wannan a matsayin rashin tausayi, domin hanya ce ta hana ido barci, tun da al'adarsu ba ta yarda a bar gawa ita kaɗai ba. Ina roƙon sabon zuwa da ya daure wa ƙarar da cunkoson, ya matsar da motarsa tun kafin a nema, kuma kada ya kai ƙara wurin hukumar gida, domin kwanaki ne ƙalilan, amma maƙwabta ba sa manta wanda ya tsananta musu a ranar baƙin cikinsu.

Abin da ke ƙarƙashin duk wannan hidima shi ne imanin da mabiya Budda na Sinawa suka yi cewa mamaci yakan yi har kwana 49 tsakanin mutuwarsa da sake haihuwarsa a wata rayuwa, kuma ayyukan alherin da iyalinsa suka yi da sunansa a wannan tsakani suna iya sauƙaƙa masa makoma. Shi ya sa masu riƙo da addinin sosai ba sa son a taɓa gawa ko a yi kururuwa a kanta har sai an yi kamar sa'a 8 da fitar rai, sai dai a zauna ana maimaita sunan Amitaba, wani Budda da suke girmamawa, a hankali. Shi ya sa kuma ake yin addu'a duk bayan kwana 7 har sau bakwai, wasu ma su bar cin nama tsawon wannan lokaci. Wanda ya taso yana ganin sadakar uku da bakwai da arba'in a gida ba zai sha wahalar gane cewa iyali na ƙidayar kwanaki ba, ko da yake aƙidar da ke bayan ƙidayar ta sha bamban da tamu ƙwarai.

Ra'ayina shi ne ka je gaisuwa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Abin da ake bukata shi ne mutum ya rarrabe tsakanin ta'aziyya da ibada, kuma Sinawan Malesiya, da yake sun daɗe suna zaune da Malayawa Musulmi, sun san wannan iyaka sarai. Ka sa tufafi farare, ko baƙaƙe, ko shuɗi mai duhu, ka guji ja da ruwan ɗorawa mai haske, domin launukan biki ne a wurinsu. 'Yan'uwa mata su kula da wannan sosai, saboda atamfofinmu da gyalenmu ba sa rasa ja. Da ka isa, wani daga cikin iyalin zai tarbe ka, mai yiwuwa ya miƙo maka tsinken turare domin ka sunkuya sau uku a gaban hoton. Ka dafa ƙirjinka ka ce kai Musulmi ne, ko Kirista, sannan ka tsaya shiru na ɗan lokaci a gefe, ka juya ga iyalin ka yi musu gaisuwa da fatan haƙuri da juriya. Babu wanda zai riƙe ka da wannan, zuwanka shi ne abin da za su tuna.

Akwai teburi a bakin rumfar inda ake karɓar gudummawa a rubuta sunan mai bayarwa a littafi. Kuɗin a farin ambulan ake sa shi, ba a jan nan da ake rabawa a sabuwar shekararsu ba, kuma an fi son adadin da lambarsa ta farko mara ce, kamar ringgit (kuɗin Malesiya) 30 ko 50. Ɗalibi ya ba da abin da zai iya. Game da abinci, ruwan roba da gyaɗa da lemo ba su da matsala, amma dafaffen abinci yana iya haɗawa da naman alade, sai dai idan iyalin masu cin ganye ne zalla. A kan teburin za ka ga alewa da guntayen jan zare. Alewar don ta gusar da ɗacin ranar ce, zaren kuma sun yi imani yana hana rashin sa'a bin mutum gida. Idan zuciyarka ba ta natsu da zaren ba, ka bar shi inda yake. Lokacin tafiya ba a cewa sai mun sake haɗuwa, domin kamar fatan wata mutuwar ce, sai dai ka sanar da mutum ɗaya a hankali ka fice.

Ranar fitar da gawa, iyali sukan bi motar a ƙafa na ɗan nisa, 'ya'ya cikin fararen riguna, wani lokaci da 'yan badujala a gaba. Za ka ga jama'a sun juya baya sa'ad da ake rufe akwatin ko ɗaga shi, kai ma sai ka kawar da kai, kuma kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto. Wasu ana binne su a tsofaffin maƙabartu irin Kwong Tong ta Kuala Lumpur, wadda aka kafa a 1895, amma tsadar ƙasa ta sa ƙona gawa ya yawaita, a zuba tokar a tulu a ajiye a gidan ajiyar toka ko a haikali. Ba dole ne maƙwabci ya raka har can ba.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ƙona takarda. A daren ƙarshe akan fito da gidan bene na takarda da gora, da mota, da wayar hannu, da damin kuɗin takarda, a cinna musu wuta a fili, bisa imanin cewa hayaƙin zai isar da su ga mamacin a can. Wannan tsohuwar al'adar Sinawa ce da ta cuɗanya da addinin Tao, kuma limaman Budda da yawa ba sa goyon bayanta, saboda haka ba kowane gida ke yi ba. Idan kana da mai ciwon asma, ka rufe tagogi ka kwashe shanya tun da yamma.

Makoki ba ya ƙarewa da jana'iza. Za ka iya ganin ɗan ƙyalle maƙale a hannun rigar 'ya'yan mamaci, a hagu idan namiji ne ya rasu, a dama idan mace ce. Har kwana 49 ko 100 sukan ƙaurace wa bukukuwa da ziyarar gidajen mutane, don gudun kada su kai wa wani rashin sa'a. Idan ka gayyaci maƙwabcinka suna ko cin abincin Sallah a wannan tsakani bai zo ba, ba wulaƙanci ba ne, kare ka yake yi bisa fahimtarsa, kuma aika masa da abincin har gida ya wadatar.

Sau biyu a shekara harkar matattu takan fito fili. Ranar 4 ko 5 ga Afrilu ake bikin Cheng Beng, lokacin da iyalai ke share kaburburan kakanni su kai musu abinci da shayi, kuma hanyoyin da ke kusa da maƙabartu sukan cushe tun asuba a ƙarshen makon da ke gabansa da na bayansa. Na biyu shi ne wata na bakwai a kalandarsu ta wata, wanda yakan faɗo cikin Agusta ko farkon Satumba, lokacin da suka yi imani ana sakin fatalwowi masu yunwa su yi yawo cikin mutane. A Penang musamman akan kafa dandalin waƙa a unguwanni, a bar kujerun sahun gaba babu kowa domin waɗannan baƙi da ba a gani, don haka kada ka zauna a kansu. A gefen titi da gindin bishiyoyi za ka riƙa ganin lemo da kofunan shayi da tsinkayen turare a kafe a ƙasa, da tarin tokar takarda. Ka kewaye su, kada ka taka ko ka share, kuma ka ja wa yaranka kunne tun a gida, domin yaro na ganin lemo da alewa a ƙasa hannu zai kai. Haka nan idan kuna cin abinci da abokan karatu Sinawa, kada ka kafa tsinkayen cin abinci a tsaye cikin kwanon shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci nasa, ka kwantar da su a gefen kwano.