Darasi na 9: Jaririn da ke gumi in yana shan nono

Zuciya ce ke tura jini ko'ina a jiki, amma fa ita ma sai an ciyar da ita, akwai ƙananan jijiyoyi biyu, ta dama da ta hagu, su ke kai mata jini mai iskar oksijin, kuma duka daga babbar jijiyar da ake kira awota suke fitowa. To wani jaririn sai a haife shi ta hagun ta fito daga jijiyar da ke kai jini huhu. Likitoci na ce wa wannan matsala ALCAPA, ba kasafai ake samu ba, kamar ɗaya ne cikin haihuwa 300,000.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ranar suna yaro garau yake. Sai ya kai wata biyu ko uku, lokacin da ƙarfin jini a jijiyar huhu ya sauka, jinin ya riƙa komawa baya yana barin zuciya ba abinci. Nan uwa za ta ga da ya kama nono sai gumi ya keto masa a goshi, ya saki ya tsandara kuka, ya yi fari fat, numfashi sama-sama, ga shi ba ya ƙara nauyi. Kaka ta ce ciwon ciki ne a ba shi jiƙo, a'a Hajiya, asibiti za a je a yi hoton zuciya na eko da gwajin ECG mai duba yadda zuciya ke bugawa.

Ƙwaya ba ta gyara wannan, sai tiyata. Ana buɗe ƙirji a jona yaron da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, likita ya yanko bakin jijiyar hagun nan da ɗan naman gefenta kamar maɓalli ya dasa a jikin awota. In ba za ta kai ba akwai dabarar da likita Takeuchi ɗan Japan ya fito da ita a 1979, ta yin 'yar hanya ta cikin jijiyar huhun. In ba a yi aikin ba kusan tara cikin goma ba sa cika shekara, in an yi kuwa yawanci zuciyar na farfaɗowa cikin watanni, sai dai a ci gaba da zuwa ganin likita.

Aikin gida: a samu agogo ko waya, a ƙirga numfashin jariri minti ɗaya yana kwance ba ya kuka, a rubuta lambar. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 ko fi, a kai shi asibiti a ranar.