Yadda za ka farfaɗo da tsohuwar kwamfutar Sakhr ka koyi harshen asembili da ita

Duk wanda ya tashi a Makka, Madina ko Jidda a tsakiyar shekarun 1980 zai tuna da kwamfutar Sakhr, wadda ake jona wa talabijin ɗin falo, mai ɗauke da haruffan Larabci da na boko a kan madannanta. Kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, wanda Muhammad al-Sharikh ya kafa, shi ne ya kawo ta gidajen Larabawa da namu, a bisa tsarin MSX da kamfanonin Microsoft na Amurka da ASCII na Japan suka fito da shi a 1983. A gidanmu da ke wajen Shara Mansur, Baba ya saya mana ita ne domin karatu, mu kuwa muka mayar da ita abin wasa, kuma sai da na girma na gane cewa babu injin da ya fi ta dacewa da mai son sanin abin da ke faruwa a cikin kwamfuta, domin ƙarama ce ƙwarai, har mutum ɗaya zai iya sanin lungu da saƙonta gaba ɗaya.

Wadda ta fi yawa a hannun mutane ita ce AX-170, ƙirar kamfanin Sanyo, mai ma'adanar aiki ta kilobait 64. Akwai kuma AX-350 da AX-370 waɗanda ke kan tsarin MSX2, suna da wurin sa faifan fulofi, sun kuma fi tsada. Mai koyo bai buƙatar fiye da AX-170. Kafin ka nufi kasuwannin gwanjo irin su Harajin Sawarikh a Jidda ko Harajin Bin Ƙasim a Riyad, fara tambayar dangi, domin sau da yawa injin yana nan a saman durowar wata gwaggo, a nannaɗe cikin tsohon zane. Idan saya za ka yi, kada ka yarda da "tana aiki" ta baki. A kunna ta a gabanka, ka ga shuɗin allo, ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da za ka duba idan ka kawo ta gida shi ne rubutun da ke bayanta ko ƙarƙashinta game da ƙarfin wutar da take ɗauka. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a Saudiyya, inda aka daɗe ana amfani da bolt 127 da 220 a gida ɗaya, kuma ko da yake gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 tun 2010, har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu soket iri biyu da ba a rubuta komai a jikinsu ba. Ni kaina na taɓa ƙona wata na'urar kaset saboda na amince da ƙwaƙwalwata maimakon in auna soket ɗin da mita. Bayan ka tabbatar da wutar, ka cire filogi, ka kwance murfin, ka kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, sannan ka dubi kafasitocin, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira kwandansa. Zafin Makka yana busar da ruwan cikinsu, danshin Jidda kuma yana sa ƙafafunsu tsatsa, don haka duk wanda kansa ya kumbura ko ya zubar da wani abu mai launin ƙasa sai an canja shi. Idan hannunka bai saba da dalma ba, kai wa mai gyara, musamman ɓangaren da wuta ke shiga. Bakin ramin katirij kuwa, wato inda ake cusa ɗan akwatin da ke ɗauke da wasa ko manhaja, ana goge shi da auduga da sifirit ɗin goge kayan lantarki, kuma doka ce da ba ta da togaciya: ba a sa katirij ko a zare shi alhali injin yana kunne.

Hoto yana fita ta wayar bidiyo mai kai rawaya. Talabijin na zamani da yawa ba su da wannan rami, sai a sayi ɗan akwatin da ke juya shi zuwa HDMI. Wanda bai samu injin ba tukuna kada ya zauna jira, domin WebMSX yana kwaikwayon MSX a cikin burauza, MSXPen kuma yana ba ka damar rubuta harsunan kwamfuta na BASIC da asembili a shafi ɗaya ka ga sakamako nan take. Akwai openMSX wanda ya fi su daidaito, sai dai manhajar tayar da injin da yake zuwa da ita, wato C-BIOS, ba ta da BASIC a ciki.

Da zarar ka kunna, BASIC ne zai tarbe ka, harshen da John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙira a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 domin ɗaliban da ba masana lissafi ba. Allon zai nuna maka cewa abin da ya rage maka na rubutu bai kai kilobait 29 ba. Ka yi mako guda ko biyu a nan, ka saba da PRINT, INPUT, FOR da NEXT, IF da GOSUB, amma kada ka yi zaman dirshan, domin BASIC masauki ne a wannan tafiyar. Inda za mu je shi ne harshen da ƙwaƙwalwar injin take ji kai tsaye, wanda idan aka rubuta umarninsa da gajerun kalmomi maimakon lambobi ake kiransa asembili. Wannan ƙwaƙwalwa ita ce Z80 ta kamfanin Zilog, wadda ta fito a 1976, tana gudu a megahaz 3.58 a cikin MSX, kuma sai a 2024 kamfanin ya sanar da daina ƙera ainihin samfurinta.

Shawarata ita ce ka zaɓi aiki ɗaya ƙarami wanda ka riga ka san amsarsa, ka rubuta shi da harshen da ka iya, sannan ka sake rubuta shi da sabon. Mai koyon sabon harshe da sabon aiki a lokaci guda yana kama da mai koyon Larabci da fiƙihu a zama ɗaya: idan ya rikice ba zai san ko kalmar ce ta shige masa duhu ko mas'alar ba. Aikin da na fi so shi ne ƙirga kwanakin da suka wuce tun daga farkon Hijira, tunda mu nan da wannan kalanda muke rayuwa. A lissafin da ake yi da alƙalami, shekara tana da kwana 354, watanni suna karɓa-karɓa tsakanin 30 da 29, kuma a cikin kowace shekara 30 akwai 11 da Zulhajji ke cika 30, abin da ya sa zagaye ɗaya yake da kwana 10,631. A BASIC layi ɗaya ya isa ya ba ka kwanakin da suka gabaci shekara Y:

D=(Y-1)*354+INT((11*Y+3)/30)

Wannan lissafi na koyo ne kawai. Yakan saɓa wa kalandar Ummul Ƙura da kwana ɗaya ko biyu, kuma azumi da salla da ganin wata ake yin su, ba da Sakhr ba.

Kafin ka taɓa wannan aiki da asembili, sai ka fara ganin injin ya amsa maka da harshensa. A cikin Z80 akwai wasu 'yan aljihuna da ake kira rajista, masu suna A, B, C, D, E, H da L, kowanne yana ɗaukar bait ɗaya, wato lamba daga 0 zuwa 255, kuma ana iya haɗa biyu, kamar H da L, su ɗauki har 65,535. Duk aikin da kwamfutar ke yi bai wuce ɗauko lamba a sa a aljihu, a ƙara ko a rage, a mayar ba. Rubuta wannan yadda yake:

10 CLEAR 200,&HC000
20 FOR I=0 TO 5:READ A$:POKE &HC000+I,VAL("&H"+A$):NEXT
30 DEFUSR=&HC000:X=USR(0)
40 DATA 3E,41,CD,A2,00,C9

Idan ka buga RUN, harafin A zai bayyana. Abin da ya faru shi ne, layi na 10 ya hana BASIC taɓa ma'adana daga adireshin C000 zuwa sama, layi na 20 ya zuba bait shida a wurin, na 30 kuma ya miƙa wa Z80 ragama. Lambobin an rubuta su ne da ƙirgen tushe 16, inda haruffan A zuwa F ke tsayawa a madadin 10 zuwa 15, kuma h a ƙarshen lamba alamar wannan ƙirge ce. 3E da 41 suna nufin LD A,41h, wato a sa lambar harafin A a aljihun A. CD, A2 da 00 suna nufin CALL 00A2h, kiran wani aiki mai suna CHPUT da ke cikin BIOS, wato manhajar da aka gina a jikin kowace MSX, wanda ke buga duk harafin da ya tarar a A. Ka lura cewa an rubuta adireshin a juye, ƙaramin bait kafin babba, kuma wannan al'adar Z80 ce da za ta yi ta tuntuɓe da kai har ka saba. C9 kuwa shi ne RET, komawa inda aka fito. Ka cire C9 ɗin sau ɗaya da gangan, ka sa 00 a madadinsa, ka ga yadda injin zai bi duk abin da ya tarar a gaba har ya daskare ko ya sake tashi da kansa. Ba abin da zai lalace, kashewa da kunnawa ne maganinsa, amma daga ranar ba za ka ƙara manta RET ba.

Fassara umarni zuwa lambobi da hannu yana da amfani na kwana biyu ko uku, bayan haka wahala ce kawai. Sai ka koma ga manhajar da ke yin fassarar, irin su sjasmplus ko Pasmo, ka rubuta a kwamfutarka ta yau ka kai wa tsohuwar. Darasi na gaba shi ne buga jimla sukutum: ka sa adireshin jimlar a HL, ka ɗauko harafi da LD A,(HL), ka gwada shi da OR A, idan sifili ne ka fita da RET Z, idan ba haka ba ka kira CHPUT, ka matsa gaba da INC HL, ka koma sama da JR. Domin ka ji bambancin gudu a jikinka, shiga SCREEN 1, ka cika gurabe 768 na allon, waɗanda suka fara daga adireshi 6144, da VPOKE, umarnin BASIC na rubutu a ma'adanar allo, a cikin FOR, kana auna lokaci da TIME, sannan ka sake yin aikin a asembili da kiran FILVRM, aikin BIOS mai cika ma'adanar allo, a adireshin 0056h. Na farko za ka ga haruffa suna jeruwa layi-layi, na biyu kafin ka ɗaga yatsa an gama.

Yanzu ka dawo ga kwanakin Hijira, inda ainihin karatun yake. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne Z80 ba ta da umarnin ninkawa ko rabawa ko kaɗan. Abin da take da shi shi ne tarawa, kuma ADD HL,HL yana tara lambar da ke HL da kanta, wato ya ninka ta sau biyu. Saboda haka sai ka warware 354 zuwa 256 da 64 da 32 da 2, ka yi ta ninka shekarar biyu-biyu, kana ajiye sakamakon a matakan da kake buƙata, a ƙarshe ka tara su huɗun. Za ka gwada da shekara 10 ka samu 3,540, ka gwada da 100 ka samu 35,400, ka ji daɗi, sannan ka sa shekarar da muke ciki ka samu shirme. Dalili shi ne 185 sau 354 ya ba da 65,490, wanda ya shiga HL da ƙyar, 186 kuwa ya ba da 65,844, wanda ya tumbatsa, alhali kwanakin da suka wuce tun Hijira sun haura rabin miliyan. BASIC ya ɓoye maka wannan matsala domin yana ajiye lambobi da gurabe 14 ba tare da ka roƙa ba. A asembili kai ne za ka tanadi bait na uku, ka riƙa kwashe rarar da ta zubo, wadda alamar riƙo ta Z80 ke nunawa, ta hanyar umarnin ADC. Da bait uku kana iya ƙirga har 16,777,215. Rabawa da 30 kuwa, hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce a yi ta cire 30 ana ƙirga sau nawa aka cire. Tana da jinkiri, amma a nan ba za ka ji shi ba. Sauran aikin, wato mayar da lambar zuwa haruffan da za a buga a allo, shi ma ta cire dubu ɗari, dubu goma, dubu, ɗari da goma ake yin sa bi da bi. Ka riƙa gwada kowace amsa da wadda BASIC ya bayar, kuma ka riƙe littafi da biro kusa, kana rubuta abin da ke cikin kowane aljihu bayan kowane umarni, domin yawancin kurakurai a takarda ake kama su.

Game da adanawa, AX-170 da kaset take aiki, a gudun aika bayanai na bod 1200 ko 2400, ta umarnin CSAVE da CLOAD ga BASIC, da BSAVE da BLOAD ga harshen inji. Ba sai ka nemi tsohon rakoda ba, domin abin da injin ke saurare sauti ne kawai: ana iya mayar da fayil ɗin zuwa sautin WAV, a jona wayar kaset ɗin a ramin abin sauraro na waya ko kwamfuta, a buga BLOAD"CAS:",R sannan a kunna. Idan fayil ɗin daga manhajar fassara ya fito, ka tabbata ya fara da bait FE, sai adireshin farko, na ƙarshe da na tashi, kamar yadda BLOAD ke nema a faifai, domin daga nan ne manhajar juya sauti za ta ɗauki adireshin. Ka ɗaga ƙarar sosai, ka kashe duk wani gyaran sauti, ka kuma sa wayar a yanayin jirgin sama, don ƙarar shigowar saƙo guda ɗaya ta isa ta ɓata lodin ka koma farko.