Zuwa Maldibs neman aiki: abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi tikiti

Masu kallon hotunan Maldibs a Instagram suna cewa wallahi can zan koma, to ku saurara. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a tekun Indiya, kudu da Indiya da Siri Lanka, mutanenta musulmai ne, hutun ƙarshen mako Juma'a da Asabar, ga masallatai ko ina, don haka ta wannan ɓangaren ba ka da matsala. Matsalar tana wajen takarda.

Suna ba da bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 kyauta a Velana, babban filin jirgin ƙasar, amma wannan bizar ba ta aiki ba ce, in aka kama ka kana aiki da ita maido ka za a yi. Wanda zai ɗauke ka aiki shi ne yake nema maka izini daga gwamnati tun kana gida, sai ya turo maka takardar kafin ka taso. Duk ejan da ya ce ka turo kuɗi ka zo kawai za a gyara a can, rabu da shi, haka 'yan Bangaladash da yawa suka maƙale ba fasfo ba albashi. Kuma fasfonka kar ya bar hannunka.

Aikin da ake samu yawanci a otal-otal ɗin masu yawon shaƙatawa ne, kicin, resefshan, shara da gyaran ɗaki, sai kuma asibiti, likitoci da nas-nas, su kuma sai sun yi rajista da hukumar lafiya ta ƙasar tukuna. Baƙi sun fi cika daga Disamba zuwa Afrilu, to ka fara tura CV ɗinka wata biyu uku kafin nan, kai tsaye a shafin otal ɗin ko LinkedIn.

Yanzu ga abin da mutane ba sa tambaya: wane tsibiri? Otal guda tsibiri guda ne, wani ma da ƙafa za ka zagaye shi cikin 'yan mintuna. Nan za ka kwana, nan za ka ci, nan za ka yi aiki, ba kasuwa ba majalisa ba mai shayi, fita sai da kwale-kwale ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. In kai mai son yawo ne zai ishe ka. Amfaninsa ɗaki da abinci kyauta ne, ga kason kashi 10 na sabis da baƙi ke biya wanda ake raba wa ma'aikata, wani watan har ya kusa albashin. A Male babban birni kuwa haya ce za ta cinye ka, gari ne matsattse ƙwarai, da yawa a tsibirin Hulhumale da ke kusa suke zama su haye gada zuwa Male.

Ka tambaya a rubuce da dala za a biya ka ko da rufiya, kuɗin ƙasar, don canjin hukuma rufiya 15.42 ne dala ɗaya amma samun dalar a banki aiki ne, kuma ai turo wa gida ka je yi. Ka tambayi tikitin dawowa da inshorar lafiya ma.

Katin rigakafin shawara dole ne ga mai zuwa daga Najeriya, ka kuma cike fom ɗin IMUGA na hukumar shige da ficen ƙasar a intanet kafin tashi, jirgi yawanci ta Doha ko Dubai. Abinci kifin tuna ne da kwakwa har da safe, ka sa yaji da kuka da daddawa a jaka.